Yadda ma'aikacin laburare zai koyi aiki da sababbin manhajojin intanet

Idan aka ce wa ma'aikacin laburare daga wata mai zuwa aikinsa zai koma kwamfuta, abin da yakan fara tambaya shi ne wane maɓalli zai danna. Tambayar tana da amfani, sai dai amsarta ba ta daɗewa. Manhajar Koha, wadda aka fara haɗawa a New Zealand a 1999 kuma ɗakunan karatu da yawa a duniya suke aiki da ita kyauta, tana fitar da sabon salo sau biyu a shekara, a watan Mayu da watan Nuwamba. Wanda ya haddace wuraren maɓallai kawai zai riƙa rikicewa duk lokacin da aka sabunta. Abin da ke ɗorewa shi ne sanin yadda ake tsara bayanin littafi da yadda ake tambayar rumbun bayanai har ya ba da amsa mai kyau. A kan wannan aka gina matakan da ke biye. An ɗauki Koha a matsayin misali, amma tsarin ɗaya ne a yawancin manhajojin laburare.

Mataki na 1: Fara da aikinka, manhaja ta biyo baya

Ɗauki takarda ka rubuta abin da kake yi daga buɗe ƙofa zuwa rufewa: shigar da sabon littafi, yi wa mai karatu rajista, ba da aro, karɓar littafin da aka dawo da shi, taya ɗalibi neman maƙala, ƙirga littattafai a ƙarshen zango. A gaban kowane aiki rubuta manhajar da za ta ɗauke shi. Za ka ga ba su wuce uku ko huɗu ba. Zaɓi aikin da ka fi maimaitawa ka fara da shi, sauran su jira.

Mataki na 2: Asusu da kalmar sirri

Kowane ma'aikaci ya sami asusunsa da sunansa. Asusu ɗaya da kowa ke shiga yana da sauƙi a ranar farko, amma ranar da aka goge bayanin littafi ko aka yafe wa wani tara, babu mai iya cewa wa ya yi. Ka nemi a ba ka izinin da aikinka yake buƙata kawai. A Koha akwai izini mafi girma da ke buɗe komai, har da saitunan da suka shafi laburaren gaba ɗaya, kuma mai koyo ba ya buƙatarsa. Ƙarancin izini kariya ce gare ka.

Kalmar sirri ta zama doguwa, kuma kada a maimaita ta a wurare biyu. Idan sun yi yawa, manhajar adana kalmomin sirri irin Bitwarden ko KeePassXC ta fi takardar da ake liƙawa a jikin allon kwamfuta. Imel ɗin aiki kuma a kunna masa tabbatarwa mai mataki biyu, domin ta can ake sake duk sauran kalmomin sirri idan an manta.

Mataki na 3: Nemi wurin gwaji

Kada ka koyi aiki a kan ainihin katalog. Tambayi mai kula da manhajar ko akwai kwafin gwaji. Idan babu, shafin al'ummar Koha yana nuna wuraren gwaji da kowa zai iya shiga, kuma ana share abin da aka shigar a cikinsu lokaci zuwa lokaci. A can ka ƙirƙiri mai karatu na ƙarya, ka ba shi aro, ka ci shi tara, ka goge littafi ka ga abin da zai faru. Sunan mutum na gaskiya ko lambar wayarsa kada su shiga wurin gwaji, saboda ba kai kaɗai kake kallonsa ba.

Tun a nan ka lura cewa manhajar tana da fuska biyu. Akwai ta ma'aikata, inda ake shigar da bayanai, akwai kuma ta masu karatu, wadda ake kira OPAC, inda suke neman littafi. Buɗe su duka biyun gefe da gefe a burauza. Duk abin da ka yi a ta farko, je ka duba yadda ya fito a ta biyu.

Mataki na 4: Shigar da littafi ɗaya, daga farko har ƙarshe

Nan ne ya kamata ka daɗe. Wanda ya ƙware a wannan mataki, sauran za su zo masa da sauƙi.

Da farko ka bambance abu biyu da masu koyo suke haɗawa. Akwai rikodin littafi, wato bayanin da ya shafi bugun gaba ɗaya: suna, marubuci, maɗaba'a, shekara. Akwai kuma kwafi, wato ainihin littafin da ke kan kanta, mai lambarsa ta musamman. Idan laburare yana da kwafi 5 na bugu ɗaya, rikodi ɗaya ake yi, a rataya masa kwafi 5. Saboda haka kafin ka shigar da komai, nemi littafin a katalog ɗinku. Idan yana nan, kwafi kawai za ka ƙara. Katalog da ya cika da rikodi biyu-biyu yana da wuyar gyara, kuma yawancinsu daga tsallake wannan dubawar suke fitowa.

Idan ba ya nan, kada ka yi gaggawar bugawa da hannu. Wataƙila wani laburare ya riga ya yi aikin. A sashen katalog na Koha akwai zaɓin nemo rikodi ta hanyar Z39.50 ko SRU, hanyoyin da manhajojin laburare suke tambayar juna. Saka lambar ISBN, wato lambar shaidar bugun littafi da akan buga a bayansa, zaɓi rumbun da za a tambaya, kamar na Laburaren Majalisar Dokokin Amurka, ka jira sakamako. ISBN tun daga 2007 tana da lambobi 13 kuma tana farawa da 978 ko 979. Tsofaffin littattafai suna da mai lambobi 10, waɗanda suka fi tsufa kuma ba su da ita sam, sai a nema da suna da marubuci.

Rikodin da ya zo kada ka amince da shi ido rufe. Riƙe littafin a hannu, buɗe shafin suna da bayansa, ka kwatanta. Rikodin yana zuwa ne a tsarin MARC 21, inda kowane bayani yake da gurbi mai lamba uku. Guraben suna da yawa, amma waɗanda za ka riƙa gani kullum kaɗan ne. Gurbi na 020 na ISBN ne. 100 na marubuci, ana fara da sunan ƙarshe, waƙafi, sannan sunan farko. 245 na sunan littafi. 250 na bugu, ko na biyu ne ko na uku. 264 na garin da aka buga, maɗaba'a da shekara. A tsofaffin rikodi za ka tarar da wannan bayanin a 260, kuma ba kuskure ba ne, tsohuwar ƙa'ida ce. 300 na yawan shafi da tsawon littafi a santimita. 650 na maudu'i. Lambar rabe-raben Dewey tana 082, ta tsarin Laburaren Majalisar Dokokin Amurka tana 050. Marubuci na biyu, mai fassara ko edita suna shiga 700.

Inda aka fi faɗawa shi ne bugu. Sunan littafi ɗaya, marubuci ɗaya, amma rikodin na bugu na biyu ne, naka kuma na huɗu. Duba 250, duba shekara, duba yawan shafi. Idan ɗaya ya saɓa, koma sakamakon ka nemi wani.

Akwai wasu ƙananan akwatuna biyu a gaban kowane gurbi da masu koyo sukan ƙyale. A gurbi na 245, akwati na biyu yana gaya wa manhaja haruffa nawa za ta tsallake wajen jera sunaye bisa abacada. Sunan Ingilishi da ya fara da The ana sa masa 4, domin haruffa uku da tazara ɗaya. Sunan Larabci da aka rubuta da boko ya fara da al- ana sa masa 3. Idan babu abin tsallakewa, sifili. Ƙaramin abu ne, amma shi ke hana rabin littattafai taruwa a ƙarƙashin harafi ɗaya.

Littattafan da ƙananan maɗaba'u suka buga, da na harsunan da manyan rumbuna ba su cika tarawa ba, sau da yawa ba za ka same su ba. Nan sai rikodi na hannu, kuma lambobin da ka koya a sama su ne jagoranka. Kula da abu biyu. Na farko lambar harshe, wadda take cikin gurbi na 008: hau ta Hausa, ara ta Larabci, eng ta Ingilishi, fre ta Faransanci. Idan ka bar ta yadda ta zo, mai neman littattafan wani harshe ba zai ga naka ba. Na biyu haruffa masu lanƙwasa. Rubuta sunan littafi a 245 yadda yake a jikinsa, da ƙ da ɗ da ɓ, sannan ka ƙara gurbi na 246 ka sake rubuta sunan da k da d da b. Mai karatu da ke nema a wayarsa ba lallai ya buga ƙ ba, kuma ba kowace manhaja ce take ɗaukar ƙ da k a matsayin abu ɗaya ba. Gwada duka biyun a OPAC ka ga yadda taku take yi.

Bayan ka adana rikodi, manhajar za ta kai ka shafin kwafi. A Koha wannan bayanin yana zama a gurbi na 952: reshen da ya mallaki littafin, inda yake yanzu, lambar da ke gefen littafi wadda ake jera shi da ita, lambar bakod (zanen layuka da ake liƙa wa kowane kwafi don na'ura ta karanta), da nau'insa. Nau'in yana da muhimmanci, domin shi ke yanke ko littafin na aro ne ko na karantawa a ciki kawai. Idan akwai na'urar karanta bakod, yi amfani da ita. Yatsa yakan juya lamba biyu ba tare da mutum ya ankara ba.

Yanzu je OPAC ka nemi littafin hanya uku: da suna, da marubuci, da maudu'i. Idan ya fito a duka ukun, ka gama. Idan bai fito nan take ba, jira 'yan mintuna kafin ka sake shigar da shi, domin manhajar tana ɗaukar lokaci kafin ta sa sabon rikodi a fihirisarta. Maimaita wannan da littattafai iri daban-daban, mai marubuta uku, wanda aka fassara, wanda yake juzu'i-juzu'i, har hannunka ya faɗa.

Mataki na 5: Aro da dawowa

Wannan ya fi sauƙi. Karanta katin mai karatu, karanta bakod ɗin littafi, duba ranar dawowa da ta fito. Ranar ba kai kake zaɓa ba, tana fitowa ne daga jadawalin ƙa'idojin aro da aka saita, wanda ya haɗa rukunin mai karatu da nau'in littafi. Idan ranar ta fito ba daidai ba, kada ka riƙa gyarawa da hannu a kowane aro. Kai maganar ga mai kula da jadawalin a gyara daga tushe.

Karanta duk saƙon da ya bayyana lokacin karɓar littafi kafin ka rufe shi. Wani yana cewa akwai mai jiran littafin, wani yana cewa na wani reshe ne. Kuma ka tanadi littafin rubutu don ranar da intanet ko wuta ta ɗauke: lambar kati, lambar bakod, kwanan wata. Idan abu ya dawo, shigar da su bisa jerin da suka faru.

Abin da mutum ya ara sirrinsa ne. Juya allon kwamfuta yadda na kan layi ba zai karanta ba, kuma ka fita daga asusunka idan za ka tashi.

Mataki na 6: Neman maƙaloli

Da yawa daga tambayoyin da ake kawo wa teburin laburare yanzu amsarsu ba ta cikin littattafan da ke jere a laburaren. Ɗalibi yakan zo da jimla guda mai tsawo ya zuba ta a akwatin nema, ya sami dubban sakamako ko kuma babu ko ɗaya. Aikinka shi ne ka farfasa jimlar. Ware manyan ra'ayoyi biyu ko uku da ke cikinta, ka nemo wa kowanne kalmomi masu ma'ana ɗaya, a harshen da aka fi rubuta bincike a fannin. Kalmomin da suke ma'ana ɗaya a haɗa su da OR, ra'ayoyi daban-daban a haɗa su da AND, a rubuta su da manyan haruffa. OR yana faɗaɗa sakamako, AND yana taƙaita shi. Kalmomi biyu da dole su zo tare a sa su cikin alamar zance. NOT yana cire kalma, amma a yi hattara da shi, domin yakan tafi da maƙala mai kyau don kawai ta ambaci kalmar sau ɗaya.

Kowane rumbu da halinsa. PubMed, na fannin lafiya, yana karɓar alamar tauraro a ƙarshen kalma don kamo duk kalmomin da suka fara haka, kuma yana da jerin maudu'ai na kansa mai suna MeSH. Google Scholar ba ya aiki da tauraro ta wannan hanya, kuma wajen cire kalma alamar ɗebewa (-) yake so. Ƙarfinsa yana wani wuri: a ƙarƙashin kowace maƙala yana nuna waɗanda suka ambace ta daga baya. Idan ka sami maƙala ɗaya da ta dace sosai, jerin manazartarta zai kai ka baya, waɗanda suka ambace ta kuma su kai ka gaba. A ganina wannan dabarar ta fi sauya kalmomin nema sau goma.

Sai batun samun cikakkiyar maƙala. DOAJ, wanda aka fara a Jami'ar Lund ta Sweden a 2003, yana tara mujallun ilimi da ake karantawa kyauta. DOAB yana yin irin haka ga littattafai. Unpaywall ƙaramar manhaja ce da ake ɗora wa burauza, tana nuna koren makulli idan akwai halastaccen kwafi na kyauta na maƙalar da kake kallo. Cibiyoyin da suke ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da suka cancanta suna iya yin rajista da Research4Life, wanda ya haɗa Hinari na lafiya, AGORA na noma, OARE na muhalli, ARDI na kimiyyar ƙirƙira da GOALI na shari'a. Cibiya ce take rajista, ba mutum ɗaya ba, saboda haka ka tambaya ko taku ta riga ta yi. Yakan faru a tarar an yi rajistar tun da daɗewa, bayanan shiga suna kwance a imel ɗin wanda ya bar aiki.

Mataki na 7: Zotero da tantance manazarta

Zotero kyauta ce, an fara fitar da ita a Jami'ar George Mason ta Amurka a 2006. Ana girka abu biyu: ita kanta manhajar, da ƙaramin mahaɗinta na burauza. Idan kana kan shafin maƙala ka danna mahaɗin, sai bayaninta ya faɗa cikin rumbunka. Akwai kuma alama mai kama da sandar tsafi inda za ka liƙa ISBN ko DOI, wato lambar shaidar maƙala a intanet, ta nemo bayanin da kanta. A cikin Word, LibreOffice ko Google Docs tana saka ambato ta kuma jera manazarta a salon APA, Chicago ko wani. Ajiyar fayiloli ta kyauta a intanet megabait 300 ce, tana cika da wuri idan ana tara PDF.

A nan ne ilimin katalog ɗinka zai yi rana. Zotero abin da ta tarar take kwasowa: sunan marubuci a juye, suna duka da manyan haruffa, shekara babu. Gyara kowane bayani a lokacin da ya shigo, kafin su taru.

Masu karatu yanzu suna zuwa da jerin manazarta da manhajojin ƙirƙirarriyar basira suka rubuta musu, kuma waɗannan manhajoji suna iya ƙago maƙalar da ba ta taɓa wanzuwa ba, da sunan marubuci na gaske da mujalla ta gaske. Tantancewa ba ta da wuya. Kowace DOI tana farawa da 10 da ɗigo. Rubuta doi.org/ a burauza ka liƙa ta a gaba. Idan ta kai ka shafin maƙalar, duba ko suna, marubuci da shekara sun yi daidai, domin wani lokaci DOI ɗin ta gaske ce amma ta wata maƙala daban. Idan babu DOI, nemi sunan cikin alamar zance a Google Scholar ko a Crossref, rumbun da ke yi wa maƙaloli rajistar DOI, sannan ka buɗe shafin mujallar ka duba juzu'in da aka ambata. Abin da bai fito a ko'ina ba kada ya shiga aikin ɗalibi.

Mataki na 8: Kwafin ajiya

Ko da ba kai ke kula da babbar kwamfutar da manhajar take kai ba, ka san amsar tambayoyi uku: yaushe ake yin kwafi, ina ake ajiye shi, yaushe aka taɓa gwada dawo da shi. Koha da aka girka ta hanyar da aka saba a kan Debian ko Ubuntu, manhajojin da ke tafiyar da kwamfuta kamar yadda Windows take yi, tana yin kwafi kowace rana, amma tana ajiye shi a kan kwamfutar da take kai. Idan faifan ya lalace, katalog da kwafinsa tare za su tafi. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce kwafi 3, a kan ma'adana iri 2, ɗaya a wajen ginin. Ban da wannan, fitar da rikodin littattafanku a fayil ɗin MARC lokaci-lokaci, domin kusan kowace manhajar laburare tana karanta shi idan wata rana aka sauya.

Mataki na 9: Rubuta naka jagora, ka kuma iya neman taimako

Duk aikin da ka iya, rubuta matakansa da kalmominka a fayil ɗaya da abokan aiki za su iya buɗewa, tare da hoton allo da kwanan wata. Sa shawarwarin da kuka yanke a ciki, kamar yadda kuke rubuta sunan marubucin da yake da rubutu iri biyu, da abin da kuke yi da littafin da ba shi da shekara. Sannan ka ba wani ya bi rubutun kana kallo ba ka magana. Duk inda ya tsaya, akwai matakin da ka tsallake.

Idan abu ya ƙi, "ba ya aiki" ba ta isa saƙo ba. Faɗi lambar salon manhajar, wadda a Koha take shafin bayani game da manhajar, kamar 24.05 ko 24.11. Faɗi burauzar da kake amfani da ita, matakan da ka bi ɗaya bayan ɗaya, abin da ka zata zai faru, da abin da ya faru. Kwafe saƙon kuskuren harafi da harafi. Gwada aikin a wata kwamfuta ko da wani asusu kafin ka aika, domin hakan yana nuna ko matsalar ta izini ce, ta burauza, ko ta manhajar kanta. Idan za ka haɗa da hoton allo, rufe sunan mai karatu, lambar katinsa da littattafan da ya ara.